Kwas a waya ko injin sola? Jama'ar gida ku ba ni shawara

Nazifi:
Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da dare. Don Allah shawara nake nema, kar a mayar da ita wasa. Na sayar da shansherata ta bana, bayan na biya bashin taki da na masu yanka akwai ɗan abin da ya rage a hannu. To zuciyata ta rabu biyu, ko in cika in sayi injin ban ruwa na sola in huta da sayen fetur, ko kuma in biya kuɗin kwas a intanet na jagorancin aiki, irin wanda ake koya wa mutum yadda zai riƙe firojet tun daga tsarawa har miƙawa. Akwai ma wanda na gani an haɗa shi da tunanin tsari, wai yadda za ka kalli matsala tare da duk abubuwan da suke sarƙe da ita. Dalilina shi ne duk tallar aikin ƙungiyoyin nan da nake gani ta Dutse da Kano sai ka ga an rubuta ana son mai satifiket a wannan fannin, ni kuma HND ɗina tana cikin akwati tun da na gama bautar ƙasa.

Sale Mai Caji:
Wa'alaikumus salam. Sayi sola malam, satifiket ba ya ɗago ruwa daga rijiya 😂

Kawu Ɗanlami:
Sale ya gama magana. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kai ma ka san abin da fetur yake ci a noman rani. Kuɗin gona a mayar da shi gona.

Injiniya Bashir:
Nazifi kafin ka tura wa kowa ko sisi ka fara sanin wane iri kake magana, don abin kala-kala ne kuma farashinsu ko kusa ba ɗaya ba. Akwai PMP, ita ce wadda kake gani a tallar aiki, wata cibiya ce a Amurka mai suna PMI take bayarwa, an kafa cibiyar tun 1969. Ita ba kwas ba ce, jarrabawa ce, tambaya 180 ka zauna kusan awa huɗu, kuma ba a ma barinka ka zauna sai ka nuna ka yi wata 36 kana jagorantar aiki in kana da digiri, in sakandare ce wata 60, sannan ka kawo shaidar awa 35 na horo. Kuɗin jarrabawar kaɗai ya haura dala 400, ka lissafa da canjin yau ka gani, kuma duk shekara 3 sai ka sabunta ta. Akwai ƙanwarta CAPM ta masu farawa, ita ba a tambayar gogewa, awa 23 na horo kawai. Akwai PRINCE2 ta Ingila. Sai kwasa-kwasan manyan jami'o'i irin su Cornell da MIT da suke yi ta intanet, masu kyau ne ban ce a'a ba, amma magana ake ta dala dubu zuwa sama, wannan ka bar wa wanda ofishinsa zai biya masa. Kai a inda kake yanzu kwas ɗin Google da yake kan Coursera, dandalin karatu ta intanet, shi ne daidai ƙarfinka, an fara shi a 2021, ba ya buƙatar digiri ko gogewa, kuma awoyinsa suna shiga lissafin CAPM in ka so ci gaba.

Nazifi:
Yaya Injiniya Allah ya saka da alheri, wallahi ni duk na ɗauka abu ɗaya ne. Akwai wani da ya turo min saƙo yace in biya shi a naira zai ba ni satifiket ɗin PMP cikin kwana uku ta Zoom

Injiniya Bashir:
Gudu za ka yi. Abin da zai ba ka takardar halarta ce mai tambarin kamfaninsa, in ma ya ba ka. PMI tana da rajista a shafinta da mai ɗaukar aiki zai iya duba sunan mutum, ranar da aka duba ba a gan ka ba kunya za ka sha a gaban mutane.

Malama Rabi:
Ni fa ban ga dalilin da zai sa a ce sai ɗaya ba. Nazifi ƙanena sayi solarka, kwas kuma ka yi shi kyauta. Coursera suna da tallafi ga wanda ba shi da hali, za ka cike fom ka rubuta halin da kake ciki da dalilin da yasa kake son karatun, ka jira kamar sati biyu su amsa. Ni haka na yi nawa. Na tunanin tsarin kuma akwai OpenLearn na Open University ta Ingila, kyauta ne gaba ɗaya. Abin da zai ci maka kuɗi data ne, musamman tun da aka ƙara kuɗinta a farkon 2025, amma in ka yi dabara ka sauke bidiyoyin da datar dare ko ranar da ka shiga Hadejia inda sabis yake da ƙarfi, sai ka riƙa kalla a gida ba sai da netwok ba. Turancinsu yana da sauri, akwai wajen rage gudun bidiyo kuma ka kunna rubutun ƙasa. Matsalar gaskiya ba kuɗin ba ne, naci ne, mu da muka fara tare da yawa sun watsar tun a kashi na biyu saboda babu malamin da zai tsare ka da bulala.

Sale Mai Caji:
Anti Rabi kin manta kuɗin caji, kuma ni ba na ba da tallafi 😂

Kawu Ɗanlami:
To ni tambayata ɗaya. Me Bature zai koya maka a waya na riƙe aiki wanda ba mu sani ba? Masallacin Juma'ar garin nan da wane satifiket aka gina shi? Gayya muka yi, kowa ya kawo abin da yake da shi.

Injiniya Bashir:
Kawu Allah ya ƙara girma, an gina shi kam, amma ka tuna shekarun da ya yi a tsaye ba rufi, don an tara kuɗin bulo ba a lissafa na kwano ba, sannan yashi ya ƙare daidai lokacin da kogi ya kawo babu motar da za ta shiga. Abin da kwas ɗin yake koyarwa ke nan, ba wani sihiri ba ne. Ka zauna tun farko ka daddatsa aikin ƙanana-ƙanana, ka san wanne ne ba zai fara ba sai wani ya ƙare, ka gano jerin da in ɗaya a cikinsu ya makara kwana biyar duk aikin ya makara kwana biyar. Misali alkama, kai ka fi ni sani ana so ta shiga ƙasa daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba don ta samu sanyin hunturu. To kafin shuka sai an yi haro, kafin haro sai an kwashe shinkafar damina, kafin ruwa ya zo sai an yashe kwata. In yashe ya makara, ko kana da iri da taki a ɗaki tun Oktoba ba su amfana maka komai ba, zafin Maris zai riske ta tana fitar da kai. Amma fentin ɗakin ajiya ko ya makara wata guda babu abin da ya shafa. Kai Kawu kana riƙe wannan a ka saboda gonarka ce, amma in an ba ka manomi ɗari uku da kuɗin wasu da za ka yi bayani a kai, kai ba zai ɗauka ba sai an rubuta.

Kawu Ɗanlami:
Wato dai abin da muka sani ne aka sa masa kwat da lakataye ake sayar mana da dala.

Injiniya Bashir:
Rabi haka ne Kawu hhh. Rabin kuma shi ne abin da muke tsallakewa, kamar rubuta abin da zai iya lalacewa tun kafin ya lalace da wanda zai ɗauki nauyinsa.

Ummi:
Ina wuni iyayena da yayyena. Ni misalin da ya fi damuna famfon sola na unguwarmu ne. Wata ƙungiya ta zo ta haƙa, an sa tanki, an ɗau hoto, an yanka zare. A takardarsu aiki ya kammala ɗari bisa ɗari, a kan lokaci kuma a kan kasafi. Da injin ya ƙone babu wanda ya san wa zai kira, babu asusun gyara, mai unguwa yace na kansila ne, kansila yace na ƙungiya ne, ƙungiya ta tafi. Yau mu mata da yara muka koma rijiya. Malaminmu a Dutse yace manajan aiki zai iya cin maki cikakke a wannan famfon, mai tunanin tsari ne zai tambaya wa zai sayi sabon inji bayan shekara biyu, kuma me zai sa mutum ya ba da naira hamsin ta gyara alhali maƙwabcinsa yana ɗiba kyauta.

Malam Habu:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma maganar yarinyar nan ta taso ni. Ni na yi aikin malamin gona har na yi ritaya, ban taɓa yin kwas a waya ba, sai dai in akwai darasin tunanin tsari da ya fi kowanne girma to a bakin ƙofarmu yake. An gama dam ɗin Tiga a 1974, aikin da aka fara zamanin Audu Bako, aka gama na Challawa da ke wajen Ƙaraye a 1992. Manufa mai kyau, ruwan sha ga Kano da noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, daga baya mu ma nan Auyo muka samu namu. Amma kafin dam kogin Hadejia yana da ɗabi'arsa, ya cika ya malala da damina, ya janye da rani har ka taka yashi ka tsallaka. Wannan bushewar ita take hana ciyawa kafuwa. Da aka fara sako ruwa rani da damina sai hanyoyin suka daina bushewa, kachala ta samu gida. Kachala ta tare laka, laka ta toshe hanya, ruwa ya daina bi ta inda ya saba, wasu garuruwan ya cinye musu gonaki wasu kuma ya daina zuwa musu sam, ku tambayi mutanen Guri da Kirikasamma da Nguru. Sannan kachalar nan ta zama wajen kwanan jan baki, jan baki ya sauka a shinkafa da gero, manomi ya cire yaronsa daga makaranta ya kai shi korar tsuntsu. Ku duba fa, daga ƙofar dam a Kano zuwa yaron da ba ya aji a Jigawa. Injiniyoyin da suka gina Tiga sun iya aikinsu, gini yana nan tsaye shekara hamsin. Iyakar inda aka shata musu su kalla ce ta tsaya a bakin dam.

Nazifi:
Baba Malam wallahi ban taɓa haɗa jan baki da Tiga ba, ni duk zatona ƙaddara ce kawai take kawo su

Malam Habu:
Komai ƙaddara ne ɗana, amma tana da sababi.

Kawu Ɗanlami:
To Malam Habu da kar a gina dam ɗin ke nan? Shinkafar da Nazifi ya sayar da ruwan wa ya noma ta?

Malam Habu:
Ban ce haka ba Ɗanlami, kada ka sa min magana a baki. Da babu Tiga da Kura ba ta zama abin da ta zama a shinkafa ba. Cewa nake da an yi lissafin na ƙasa tun farko da an tsara yadda za a riƙa sakin ruwa ya kwaikwayi cika da janyewar kogi, an kuma ware kuɗin yashe duk shekara kamar yadda ake ware albashi. Yanzu ana kawo injinan yankan kachala, suna taimakawa, amma in dalilin fitowarta yana nan za ta dawo. Ko aikin TRIMING na farfaɗo da noman rani da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 ba gyaran kwata kawai ya sa a gaba ba, har da ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, don an gane siminti shi kaɗai ba ya riƙe kansa.

Auwalu:
Ku yi haƙuri zan ɓata muku hira. Duk wannan bayanin yana da daɗin ji amma tambayar Nazifi aiki yake nema. Ni na yi irin kwas ɗin nan na gama, satifiket yana wayata, kuma misalansu duk na kamfanin manhaja ne da gidan abinci a Amurka, inda in an ce kaya zai zo ranar Talata to Talatar zai zo. Babu darasin yadda za ka yi in an saki kuɗin aikin damina a watan Disamba, ko in wanda ya kawo aikin yace sai yaronsa ne zai kawo siminti. Kuma a gwamnati wannan takardar ba ta ƙara maka mataki, digiri ko HND ko NCE ake dubawa. A ƙungiyoyi kuma in ba ka da wanda zai kai CV ɗinka sama, ko satifiket goma ka jera a kwandon shara zai ƙare. Kar mu yaudari yaron nan.

Injiniya Bashir:
Auwalu rabin maganarka gaskiya ce kuma gara da ka faɗa. Satifiket ɗin Coursera ba digiri ba ne, kuma shi kaɗai ba ya ba da aiki. Amma na zauna a intabiyu ta ɓangaren masu tambaya, abin da yake raba mutane shi ne a ce ba mu labarin aikin da ka riƙe. Mai takarda zalla sai ya fara karanto ma'anoni. Wanda ya ce na tsara rabon ruwa na manoma arba'in, ga jadawalin, ga rigimar da ta taso tsakanin na sama da na ƙarshen kwata ga yadda muka kashe ta, shi ake rubuta sunansa. Takardar tana sa a kira ka ne a wasu wuraren, labarin ne yake sa a ɗauke ka.

Auwalu:
In an kira ka ba. Ni har yau jiran kiran nake

Malama Rabi:
Auwalu Allah ya kawo naka. Amma ni ban nemi aiki da nawa ba kuma ya biya ni. Ƙungiyarmu ta mata masu turara shinkafa, da adashe muke yi kowacce ta ɗauka ta sayi shanshera lokacin da zubinta ya zo, ko da tsada ko da araha. Da na zauna na zana abin a takarda sai na ga kuɗinmu yana fitowa ne a lokacin da shanshera ta fi tsada, muna sayarwa kuma lokacin da kowa yake sayarwa. Muka juya zubin ya zama ana kwasa da kaka a saya a ajiye tare. Sai ga wata sabuwar matsala, ajiya ta jawo ɓera da ƙwari da kuma zargi, wa yake riƙe mukulli. Dole muka yi kwaɗo biyu mukulli a hannun mutum biyu da littafin shiga da fita. Duk gyaran da ka yi zai haifo ɗansa, abin da na koya shi ne in riƙa tsammanin ɗan tun kafin ya zo.

Injiniya Bashir:
Abin da Anti Rabi ta faɗa shi ne asalin fannin. Wani malami a MIT, Jay Forrester, a shekarun 1950 ya duba wata masana'antar General Electric da take ɗaukar ma'aikata ta kora, ta sake ɗauka ta sake kora, kusan duk shekara uku, masu kamfani suna ɗora laifin a kan kasuwa. Da ya bi lissafin da fensir sai ya ga yadda su kansu suke yanke shawara, da jinkirin da ke tsakanin oda da fitar kaya, shi yake haifar da hawa da saukar. Mu je kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan mu gani. Tumatir ya yi tsada bana, kowa ya shuka baɗi, duk ya nuna lokaci guda, kwando ya faɗi har ya kasa biyan kuɗin mota, sai kowa ya yi fushi ya bari, shekara ta gaba ya sake tsada. Kowane manomi shawararsa daidai ce a gonarsa, haɗuwarsu ce take kashe su, saboda farashin da ka gani ranar shuka ba shi za ka tarar ranar tsinka ba. Sai kuma abin waje ya faɗo kamar tsutsar sharon mai cinye tumatir a 2016 ya ƙara rikita lissafin.

Sale Mai Caji:
To ashe ni ma tsari ne, duk ranar da aka kawo wuta kasuwata ta mutu

Ummi:
Yaya Injiniya to ai solar ma haka take. Da fetur mutum yana kashe inji da zarar fangali ya cika saboda kuɗi yake ƙonewa. Da sola ruwa ya zama kamar kyauta, sai a bar shi daga hantsi har la'asar, kuma kowa ya ƙara faɗin gona. In duk fadamar nan ta koma sola ruwan ƙasa ba zai ja baya ba? Wanda rijiyarsa gajera ce shi zai fara shan wahala.

Malam Habu:
Tambaya ce mai kyau 'yata. Ya danganta da yadda kogi da damina suke mayar wa ƙasa abin da aka ɗiba. Hanyar sani mai sauƙi ce, a zaɓi rijiyoyi kaɗan a riƙa auna zurfin ruwansu da igiya duk wata a rubuta. Shekara biyu za mu san inda muka dosa. Ba ya buƙatar dala.

Kawu Ɗanlami:
Yanzu kuma solar ma laifi ce? Kai yaran zamani. Nazifi ka sayi injinka kafin su hana.

Nazifi:
Hhh Kawu na ji. Zan cika kuɗin sola ranar kasuwa in sha Allah, Anti Rabi kuma gobe zan zo makaranta ki nuna min yadda ake cike fom ɗin tallafin. Amma maganar Yaya Injiniya ta labarin aiki ita ta tsaya min, ni wane aiki na riƙe da zan ba da labarinsa?

Malam Habu:
Ga shi nan a gabanka. Kwatar ɓangarenmu ta cika da laka da ciyawa, bara na ƙarshe ba su ga ruwa da wuri ba har aka kusa dambe. Ka rubuto mana tsari, tsawon da za a yashe, mutum nawa, shebur da baro nawa, wa zai fara daga ina, ranar da dole a gama kafin shukar alkama, da abin da za a yi wa wanda ya ƙi fitowa alhali zai sha ruwan. Ka kawo min in duba kafin mu kai wa shugaban ƙungiya da mai gari.

Kawu Ɗanlami:
Na sama ba za su fito ba, su ruwa yana isa gare su ko an yashe ko ba a yashe ba. Nan rigimar take, ka rubuta wannan a layin farko.

Auwalu:
Kuma ka sa kuɗin abincin 'yan gayya a kasafin, wancan karon da azahar kowa ya watse saboda babu ko kunu. Ni zan kawo baro biyu, amma ba zan shiga ruwa ba, akwai matsattsaku.

Malama Rabi:
Kunu dai mu za mu dama, ku kawo gero da suga tun ranar Alhamis.